Yadda Za Ka Gane Ko Nauyin Ɗanka Ya Yi Daidai

Mai karatu, in ka je kasuwar Agye ko ta Gazawa sayen hatsi, ba ka yarda da ido kaɗai. Sai an kawo tiya an auna a gabanka. In ɗinki za ka kai, sai tela ya sa mita ya gwada. To, in aka tambaye ka ko jikin ɗanka ya yi daidai da shekarunsa fa? Yawancinmu sai mu dube shi mu ce: "Lafiya lau yake, haka nan jikinsa yake."

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne. Sai dai ido yana sabawa. Yaron da kake gani safe da yamma, in yana ramewa kaɗan-kaɗan ba za ka lura ba. Kuma in yaran unguwa duk ramammu ne, sai ka ɗauka haka yara suke. Shi ya sa masana kiwon lafiya suka fito da wani lissafi mai sauƙi. Kai da ka iya karanta lambobi yanzu, kana iya yin sa da kanka.

Yaron da ya wuce shekara 5

Dattawan Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba su manta da 2005 ba. A damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu wurare. Da shekara ta kewayo hatsi ya yi tsada, tamowa ta kama ƙananan yara da yawa, musamman a jahar Maradi. A cikin wannan shekara kaɗai, likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa yara fiye da 60.000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta.

Tun daga lokacin iyaye mata suka saba da awo. Sun san ɗan zaren nan mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a damtse. In ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. In ya nuna rawaya, yaro yana bakin haɗari. In ya nuna tsanwa, wato milimita 125 ko fiye, to da sauƙi. Amma wannan launi na yara ne ƴan wata 6 zuwa shekara 5.

Daga nan fa? Da yaro ya wuce shekara 5, ba wanda ke ƙara ɗora shi kan sikeli. Ya bar bayan uwarsa, ya koma cin akushi ɗaya da manyan wanninsa. Da safe a kora shi kiwo, ko gona, ko lakwal. Wani a kai shi makarantar allo a Maradi ko Katsina ko Kano. Wani da ya kai shekara 15 ya bi manya ci-rani. Alhali kuwa jikinsa bai gama ginuwa ba. Yana nan yana girma har kusan shekara 19. Wannan darasi a kan irin wannan yaro yake, ɗan shekara 5 zuwa 19.

Mene ne lambar jiki?

Nauyi kaɗai ba ya faɗin gaskiya. Kilo 30 ga gajeren yaro jiki ne mai kyau. Kilo 30 ga dogon yaro rama ce. Ke nan dole a haɗa nauyi da tsawo. Wannan haɗin shi ke ba da lamba guda. Ma'aikatan lafiya a Nijar suna kiranta IMC, a Najeriya kuma BMI. Mu a nan bari mu kira ta lambar jiki.

Lissafin ba sabo ba ne. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolf Ketele, shi ya fito da shi wajen 1832. A 1972 wani masani ɗan Amurka, Ansel Kis, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da jadawalin yara ƴan shekara 5 zuwa 19, na maza daban, na mata daban. Daga wannan jadawali ne muka ɗauko lambobin da za ka gani a ƙasa.

Abu uku kake buƙata: nauyin yaro, tsawonsa, da shekarunsa.

Auna nauyi

Sikelin da mutum ke hawa ya tsaya ake so. Akwai shi a gidan likita. Sikelin rataye da ake sa jarirai a ciki ya yi wa babban yaro kaɗan. A ajiye sikeli a wuri mai tauri kuma daidai, ba bisa rairayi ba. A duba ya tsaya kan sifiri kafin yaro ya hau. Yaro ya cire takalmi da babbar riga, ya fitar da abin da ke aljihunsa, ya tsaya tsakiya ba motsi. Sai ka karanta, ka rubuta nan take.

In kana shakkar sikelin, ga dabara. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka cika bido mai cin lita 20 ka ɗora. In sikelin na da kyau zai nuna kilo 20 da ɗan ɗoriya, saboda nauyin bidon kansa.

Auna tsawo

Wannan kana iya yi a gida. Ka nemi bango mai miƙe da daɓe mai kyau. Yaro ya tsaya ba takalmi ba hula. Diddigensa da bayansa da ƙeyarsa su taɓa bango, ya dubi gabansa. Ka ɗora allo ko littafi a kansa a kwance, ya taɓa bango. Ka ja layi da gawayi. Sai ka ari mitar tela ka auna daga ƙasa zuwa layin.

Mitar tela santimita take ƙirgawa. Santimita 100 su ne mita ɗaya. In ka samu santimita 130, sai ka rubuta 1,30. In ka samu 145, ka rubuta 1,45. Wannan waƙafin yana da muhimmanci. In ka manta da shi lissafi ya ɓaci.

Sanin shekaru

Ka duba takardar haihuwa ko tsohon katin awonsa. In babu, ku zauna da uwarsa ku ƙirga damana nawa ya gani. Ku gwada shi da wani yaro da aka haife su lokaci ɗaya, wanda shi yana da takarda. Kada ka ce "zai kai goma" kawai don ka ga girmansa, domin girman ne muke so mu bincika.

Lissafi

Ka ɗauki nauyi ka raba da tsawo. Abin da ya fito, ka sake raba shi da tsawo. Shi ke nan. Rabawa biyu ce. Kusan kowace salula tana da wurin lissafi. A salula ɗigo ake dannawa a maimakon waƙafi.

Ga misali. A ce yaro ɗan shekara 10, nauyinsa kilo 27, tsawonsa 1,30.
27 a raba da 1,30, ya ba da 20,77.
20,77 a sake raba da 1,30, ya ba da 15,98.
Sai mu cika mu ce lambar jikinsa 16,0.

To, 16,0 da kyau ko ba kyau? Ba za ka sani ba sai ka duba layin shekarunsa.

Jadawalin yara maza

Lambar da ta faɗo tsakanin waɗannan biyu, nauyi ya yi daidai:
Shekara 6: daga 13,0 zuwa 16,8
Shekara 7: daga 13,1 zuwa 17,0
Shekara 8: daga 13,3 zuwa 17,4
Shekara 9: daga 13,5 zuwa 17,9
Shekara 10: daga 13,7 zuwa 18,5
Shekara 11: daga 14,1 zuwa 19,2
Shekara 12: daga 14,5 zuwa 19,9
Shekara 13: daga 14,9 zuwa 20,8
Shekara 14: daga 15,5 zuwa 21,8
Shekara 15: daga 16,0 zuwa 22,7
Shekara 16: daga 16,5 zuwa 23,5
Shekara 17: daga 16,9 zuwa 24,3
Shekara 18: daga 17,3 zuwa 24,9

In lambar yaro ba ta kai ta farko ba, ya rame. In ta wuce ta biyu, nauyi ya fara yi masa yawa.

Akwai kuma iyakar haɗari. Ɗan shekara 6 da bai kai 12,1 ba, ɗan shekara 8 da bai kai 12,4 ba, ɗan 10 da bai kai 12,8 ba, ɗan 12 da bai kai 13,4 ba, ɗan 14 da bai kai 14,3 ba, ɗan 16 da bai kai 15,1 ba, duk waɗannan rama ce mai tsanani. Ba a jira da irin wannan yaro. Gidan likita za a kai shi.

Mu koma ga yaronmu ɗan shekara 10. Layinsa ya ce daga 13,7 zuwa 18,5. Shi yana da 16,0. Ka ga yana tsakiya, nauyinsa ya yi daidai.

Yanzu a ce ga abokinsa, shekarunsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, amma shi kilo 22 gare shi. In ka yi lissafi za ka samu 13,0. Bai kai 13,7 ba, ke nan ya rame. Kuma saura kaɗan ya faɗa ƙasa da 12,8. In suna sanye da riga, mai wucewa ba zai ga bambanci sosai ba. Amma kilo 5 ne tsakaninsu, wato kusan nauyin tiya biyu ta hatsi.

Lamba ɗaya, ma'ana biyu

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, sai ka natsu. A ce ga saurayi ɗan shekara 16, nauyinsa kilo 41, tsawonsa 1,60. Lissafi zai ba ka 16,0, daidai da ta yaronmu na farko. Amma layin shekara 16 ya fara daga 16,5. Ke nan shi ya rame. Lamba ɗaya ce: ga ɗan shekara 10 lafiya, ga ɗan shekara 16 rama.

Haka kuma kada ka auna yaro da lambar manya. Ga babban mutum, daga 18,5 zuwa 24,9 shi ne daidai. Wanda bai kai 18,5 ba ya rame, wanda ya kai 25 nauyi ya yi masa yawa, wanda ya kai 30 kuma ƙiba ce sosai. Amma dubi jadawali. Ga ɗan shekara 10, wannan 18,5 ɗin ita ce iyakar sama. Abin da yake mafari ga uba, shi ne ƙarshe ga ɗa.

Kada kuma ka auna ɗiya mace da wannan jadawali. Mata suna da nasu, domin sukan riga maza balaga da kamar shekara biyu, kuma jikinsu ba iri ɗaya yake cika ba. A tambayi ma'aikacin lafiya nasu.

Abin da lambar ba ta gani

Lambar jiki tana nuna hanya, amma ba likita ba ce. Akwai abu uku da ke ɓoye mata.

Na ɗaya, kumburi. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, ruwa ne ya taru a jikinsa, kuma ruwa yana da nauyi. Sikeli zai ce yana da jiki alhali yana cikin haɗari. Ka danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ka ƙirga zuwa uku, ka ɗaga. In rami ya tsaya a duka biyun, maza a kai shi asibiti, kome lambar ta ce.

Na biyu, tsumburewa. A ce yaro ɗan shekara 12, kilo 25, tsawo 1,25. Lambarsa 16,0, ta faɗo cikin layi. Amma a jadawalin OMS matsakaicin tsawon ɗan shekara 12 wajen santimita 149 ne, kuma wanda bai kai 135 ba ya gajarce wa shekarunsa. Wannan yaro tun yana ƙarami ƙarancin abinci da yawan ciwo suka hana shi tsawo. Nauyinsa ya dace da tsawonsa, amma tsawon bai dace da shekarunsa ba. Don haka in ka je gidan likita ka ce a duba tsawon ma.

Na uku, lambar ba ta bambanta tsoka da kitse. Saurayin da ke kokowa a dandali kuma yana noma, zai iya yin nauyi saboda ƙarfin jiki. Wani kuma nauyinsu ɗaya, amma nasa teɓa ce. Nan ido da hankali su ke raba gardama.

In yaro ya rame

Kada ka ce halittarsa ce ka yi shiru. Ka nemi dalili. Yawanci ɗayan biyu ne, ko duka biyun: ciwo ko ƙarancin abinci.

Wajen ciwo, akwai zazzaɓin cizon sauro da ke dawowa kowace damana. Akwai tsutsar ciki da yawan zawo. Akwai tsargiya, wadda yara maza ke ɗauka wajen wanka a tabki da gulbi, kamar yaran da ke zaune kusa da Gulbin Maradi a gefen Tibiri da Gidan Rumji. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani. Akwai sikila. Akwai tarin da ya wuce mako biyu. Duk waɗannan aikin likita ne. In an zo rabon maganin tsutsa da tsargiya a lakwal ko a gari, ka tabbata ɗanka ya sha.

Wajen abinci, ka lura da yadda ake ci a gidanka. Ɗan shekara 7 da ke cin akushi ɗaya da ƴan shekara 14, kafin ya kai loma biyar an suɗe. A ware masa nasa. Yaron da ke fita kiwo tun hantsi, kada ya tafi da farau-farau kawai. A dama masa fura da nono, a sa masa ƙuli-ƙuli ko gujiya a aljihu. Saurayin da ke tsakanin shekara 13 da 16 yana cikin tsawo da sauri, ga kuma aikin gona. Cinsa yakan kai na babban mutum, wani lokaci har ya fi. Ba haɗama ba ce, jikinsa ne ke ginuwa.

Hatsi yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya gina jiki. Abin da ke gina shi muna noma shi da hannunmu: wake, gujiya, riɗi, aya. Ƙasar Agye da Cadawa da Gazawa ta yi suna wajen aya da wake. Da kaka, kafin ka kai duka kasuwa, ka ware ƴan tiyoyi na yara. Ga ganyen zogala da kuka da yakuwa da tafasa, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ga nonon jar akuyarmu ta Maradi. Ga awara, ga fara. Zabi kuma da damana suke ƙwai, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Maganar da ake yi wai in yaro ya ci ƙwai zai koyi sata, ba ta da tushe. A dafa masa ya ci.

Wani gargaɗi: Plumpy'Nut, wanda ake bayarwa a asibiti, magani ne na yaron da aka rubuta wa shi. Kada a raba wa wanninsa, kada a kai kasuwa.

In nauyi ya yi yawa

A ƙauyukanmu rama ta fi yawa. Amma a cikin gari ana fara ganin ɗayan gefen. A ce ɗan shekara 12, kilo 42, tsawo 1,40. Lambarsa 21,4, ta wuce 19,9. Mutane za su ce yaron nan yana cikin daɗi. Sai dai yaro mai ƙiba sau da yawa yakan girma da ita, kuma ƙiba tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini. Ba a hana shi abinci, ba a yi masa dariya. A rage masa lemon kwalba da alewa da shayi mai yawan sukari da yawan soye-soye. A bar shi ya yi gudu, ya buga ƙwallo, ya yi aiki.

Yaushe za a auna?

Awo ɗaya hoto ne na rana ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne ka riƙa maimaitawa. Sau biyu a shekara ya isa: sau ɗaya bayan kaka, lokacin da abinci ya wadata, sau ɗaya kuma tsakiyar damana, wajen watan Agusta, lokacin da aiki ya yi yawa abinci ya yi kaɗan. Ka samu ɗan littafi, kowane yaro da shafinsa. Ka rubuta rana, nauyi, tsawo, da lambar jiki. Yaro mai girma, nauyinsa gaba yake yi. In wata shida sun wuce bai ƙaru ba, ko ya ragu, to akwai magana, ko da lambar tana cikin layi.

In za ka kai ɗanka makarantar allo a wani gari, ka auna shi kafin ya tafi. Ran da ya zo ganin gida ka sake aunawa. In ya ragu, ka zauna da malaminsa ku yi shawara a kan cinsa da lafiyarsa. Karatu ba ya zama a cikin yaron da yunwa ke ci. Haka wanda ya dawo daga ci-rani.

Rigakafi ya fi magani. Kuɗin ganin likita da tiya biyu ta wake ba su kai kuɗin jinyar yaron da ya kwanta ba. In maƙwabcinka bai iya lissafi ba tukuna, ka taimaka masa ka yi wa ɗansa. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ake buƙata kafin a san lambar jikin yaro?
2. Yaro yana da santimita 142. Yaya za ka rubuta shi da mita?
3. Me ya sa ba a auna yaro da lambar manya?
4. Ɗan shekara 8, kilo 21, tsawo 1,20. Nemo lambarsa. Nauyinsa ya yi daidai?
5. Ɗan shekara 14, kilo 33, tsawo 1,50. Nemo lambarsa. Wace shawara za ka ba ubansa?
6. Faɗi abu uku da lambar jiki ba ta gani.

Aikin gida

Auna tsawon yaro ɗaya na gidanku a jikin bango. Rubuta shekarunsa da tsawonsa a littafinka. Ran da ka je gidan likita ka roƙa a auna nauyinsa. Ka zo da lambobin aji mu yi lissafin tare.